Kwalbar da Kika Roƙa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga mahaifinki a Djougou zuwa ga Uwata a Parakou. Tunda sunan mahaifiyata aka sa miki, bakina bai taɓa iya kama shi ba, hannuna ma ba zai fara yau ba. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa kin sauka lafiya, kin iske Baffanki Sule da iyalinsa cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ki a hanyar makaranta, zuwa da dawowa, ya kare ki daga wutar labo, ɗakin gwaje-gwajenku, da ruwayen da kuke taɓawa a can.

Kin tafi da safen nan ba ki yi mini sallama irin wadda kika saba ba. Kin durƙusa, kin gaishe ni, amma idonki yana kan takalmina har kika miƙe. Innarki ta tambaye ni abin da na yi miki, na ce ban yi miki komai ba. Gaskiya na faɗa mata, domin rashin yin ne ya ɓata miki rai. Kin kuma san halina, magana mai nauyi ba ta fita bakina in ana kallona. Shi ya sa na rufe rumfa yau na zauna da takarda. Ki yi haƙuri da rubutun, hannu ne da ya saba da basilla.

Bari in maimaita abin da kika gaya mini, don ki san na saurara, ko da kin ga kamar hankalina yana kan kuben da nake ɗinki. Kin ce a shekarun baya in kun shiga labo, takarda ake ba ku: zuba wannan, ɗumama wancan, abu kaza zai fito. Malami ya san amsa, ku ma kun san ta tun ba ku kunna wuta ba. Bana kuwa malamarku ta darasin shimi, wato kimiyyar haɗa sinadarai, wadda ke koya muku sinadaran da ke cikin tsirrai, wadda kuke kira Madam, ta canza tsari. Ta raba ku rukuni-rukuni, ta ce kowane rukuni ya nemo tambayarsa da kansa, irin tambayar da ita ma ba ta da amsarta a aljihu, ya yi zangon karatu yana binta. Ke kika ɗaga hannu kika ce karan dafi. Kika ce a gidanku da shi ake rina fatar akuya ta yi ja, da shi matan kasuwa ke rina wagashi, cukun nan na nonon shanu. Kuna so ku ciro jan nan tsantsarsa, da alkol, ruwan sinadarin nan mai saurin tashi, maimakon ruwan kanwar da muke amfani da shi, ku san ko mene ne shi. Abokan aikinki biyu suka bi ki da murna, sun samu 'yar baduku.

Sai ja ya ƙi. Kun jiƙa, kun tace, kun ɗora a wuta don alkol ya tashi ya bar muku abin da kuke nema, amma abin da ya rage a gindin gilashi baƙi-baƙi ne mai danƙo kamar maɗin da ya ƙone. Kun sake, haka. Kun kuma sakewa, haka. Ga ranar da za ku tsaya gaban malamai ku nuna aikinku tana matsowa.

Shekaranjiya bayan la'asar kika zauna a bakin rumfa, kika daɗe kina kallon fatun da na shanya, sannan kika ce:

“Baba, ka cika mini kwalba ɗaya da jan nan naka. In tace shi in kai. Ai duk karan dafi ne, ba wanda zai sani.”

Na ce miki a'a, na ci gaba da ɗinki. A'ar tana nan, ban janye ta ba. Amma barinta tsirara da na yi, babu ko kalma ɗaya a bayanta, bai kyautu ba, kuma ya dame ni ƙwarai.

Ki fara sanin wannan: ban ɗauke ki maƙaryaciya ba. Yarinyar da take dawo da canji ko an manta da shi ba ta zama maƙaryaciya a hutu ɗaya. Tsoro na gani a fuskarki, da gajiya, da kunya, kuma tausayinki ya kama ni har na soki yatsana. Na kuma san hana ki da na yi bai rufe ƙofa ba. Jan karan dafi ba abin wuya ba ne a Parakou, kowace mai wagashi a unguwar Banikanni za ta cika miki kwalba in kin roƙa. Abin yana hannunki ke nan, ko ki kai musu jan aro, ko ki kai musu baƙin da ya fito muku. Ni nawa kawai in gaya miki inda na taka na zame.

A rumfar kakanki, inda na koyi dukanci, akwai al'adar da ba wanda ya taɓa faɗinta da baki. In tukunyar rini ta ɓaci, wato an jiƙa kara, an zuba kanwa, ana jiran ja sai ruwa ya fito kamar na kwata, mai tukunyar ba ya gaya wa kowa. Zai faki ido ya kai ta bayan gida ya tuntsurar, ya tura ƙasa a kai, ya wanke tukunya ya dawo yana 'yan waƙe-waƙensa. In wani ya gani, sai ya yi kamar bai gani ba, wannan shi ne ladabi a wurinmu. Dalili kuwa, wai in mahauta masu sayen kube da masu sayen takalma suka ji rinin wane ya ɓaci, za su ce hannunsa ya mutu, ko an yi masa baki. Na tashi na iske ana yi, na ɗauka na yi fiye da kowa. Ga ni yau furfura ta cinye gemu, tukunyar da na zubar ba ta ƙirguwa, amma in kika tsare ni kika ce me ke ɓata rini, sai dai in yi miki kame-kame. Ban taɓa tsayawa na dubi ruwan da kyau ba, balle in shinshina shi, balle in zauna in tuna abin da na yi daban a ranar. Saurin ɓoyewa bai bar mini lokacin koyo ba.

Don haka, Uwata, baƙin nan naku kada ki wanke shi a famfo kina waige-waige. Ki ajiye shi, ki dube shi da rana tsaka, ki tambaye shi. Wani abu ne ya faru a cikin gilashin nan, kuma ke kina da kayan aikin da za su iya gaya miki ko mene ne. Ni hanci da ido kawai gare ni, su ma na ƙi amfani da su.

Wata shekara kuma, kina goye a bayan Innarki, rini ya yi ta ɓaci mini a jere. Raina ya ɓaci, na tashi a rana guda na canza komai. Na bar ruwan rijiyar gida na koma na famfo. Na zubar da kanwar da nake da ita na sayo wata. Na fasa tsohuwar tukunya, baiwar Allah da ba ta ce mini komai ba. Na je wurin malam ya yi mini rubutu na sha saboda baki. Mafi muni, na hau babur har kasuwar Partago, na sami dattijon manomin da ya daɗe yana ajiye mini kara, na ce masa a gaban jama'a ya sayar mini da wanda ruwa ya taɓa. Bai yi mini musu ba. Ya ɗaure kayansa, ya ce daga yau in nemi wani. Rini ya gyaru, na yi ta hura hanci a unguwa. To, amma me ya gyara shi? Ruwa ne, ko kanwa, ko tukunya, ko kara? Malam ya ce rubutunsa ne. Innarki ta ce ba komai ba ne sai gajiyar faɗa da ta sa na natsu. Da rinin ya sake ɓaci bayan 'yan watanni, ba ni da inda zan koma in duba, ga shi na riga na ci mutuncin mutumin da wataƙila bai yi mini laifin komai ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Dattijon nan ya rasu ban koma na ba shi haƙuri ba.

Na tuna wannan ne da kika ce da abin ya ƙi, kun ƙara wuta, kun canza alkol, kun daka karan ya yi laushi, duka a gwaji ɗaya, wai lokaci ya ƙure. Na kusa yin dariya, na ce lalle ba a canza mini 'ya a asibiti ba. Ba ni zan koya miki aikinki ba, Madam ta fi ni sani nesa ba kusa ba, ina jin ma ta riga ta gaya muku kun ƙi ji. Amma ki karɓa daga wanda ya fasa tukunya a banza: taɓa abu ɗaya, ki bar sauran yadda suke, ki ga abin da zai faru. Kada kuma ki ɗora wa kowa laifi, ko abokin aiki, ko mai sharar labo, ko kanki, kafin ki tabbatar.

Yanzu maganar bakina. Tun ranar da kika kira a waya kika ce kin zaɓi karan dafi, ban bar kunnen kowa ya huta ba. Na gaya wa mahauta, na gaya wa masu shayi, na gaya wa liman. Na ce 'yata za ta sa jan gidanmu a kwalba irin ta kantin magani, masu ilimi su zo su gani. Har Sarkin Fawa in ya hango ni sai ya ce ga baban likitar rini. Da kika zo hutu, ba gidan da kika shiga gaisuwa ba a tambaye ki labarin jan ba, ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ina kallonki kina murmushin dole, ni kuwa ina jin daɗi, ban gane kaya nake ɗora miki ba. Baki shi ke yanka wuya, sai dai wannan karon bakina ne, wuyan kuwa naki. Ki sauke kayan nan. Alfaharin nawa ne, ni na yi shi, ni zan san yadda zan haɗiye shi. Ba Sarkin Fawa ne ya aike ki makaranta ba. Ki kuma koya daga gare ni, kada ki yi shelar abin da ke kan wuta.

Haka abokan aikinki biyun nan. Kin ce kunyarsu ta fi damunki, don sun bi ki ne a kan kin san kan abin tun daga gida. To, me kika sani? Kin san wasa da guntayen fata da satar lemun tsamin da nake goge su da shi. Ban taɓa zaunar da ke na koya miki rini ba. Ki tara su ki gaya musu haka, ba abin kunya ba ne. Aikin naku ne ku uku, baƙin ma naku ne ku uku. In kika shigo da jan aro ba su sani ba, kin sa su rantsuwa a kan abin da ba su gani ba. In kuwa sun sani, kin ɗaura musu abin da za su riƙa tunawa duk ranar da suka gan ki. Kowanne ba alheri ba ne ga mutanen da suka yarda da ke.

Ki je wurin Madam tun ranar ba ta zo ba, ki ajiye mata abin a gabanta. Ni ban san matar nan ba, amma na yi ta juya maganarta a raina. In da ja kawai take so, da ta aiki yaro kasuwa. Wadda ta ce ku nemo tambayar da ba ta san amsarta ba, ta san wasunku za su dawo hannu ba ja. Ina zaton so take ta ga yadda kuke yi in abu ya ƙi. Zato ne, ba zan yi miki alkawarin maki ba, tunda ba a hannuna yake ba. Zai yiwu ta yaba, zai yiwu ta rage, zai yiwu ma ki maimaita darasin baɗi. In hakan ta faru, za ki maimaita, ba wanda ya mutu. Na sha ganin fatar da ta ƙi rini a karon farko ta zo ta fi sauran kyau.

Wani ɗan abu kuma kafin in manta. Na ga yatsunki da kika miƙo mini ruwa, duk sun yi dabbare-dabbare, fatar babban yatsa tana saɓulewa. Kin ce safar hannu tana hana ki jin abin da kike riƙe da shi. Ni ma haka na ce ina saurayi, in tsoma hannu cikin ruwan kanwa da toka ina yi wa masu tsoro dariya. Yau in sanyi ya shigo, tafin hannuna tsagewa yake, Innarki na shafa mini man kaɗe tana mita. Ku kuwa ruwayenku sun fi kanwa mugunta. Ki sa safar, ki sa gilashin ido, ki cusa bakin mayafinki cikin farar rigar in za ki kusanci wuta.

Saura maganar da na yi ta zagayawa tun farkon takardar nan. Baffanki Sule da kike zaune a gidansa, kin san shi da zem, babur ɗin haya, yana ɗaukar fasinja a titunan Parakou. Ba ki san shi baduku ne ba. Bayan rasuwar kakanki, a hannuna ya ƙarasa koyo. Ɗinkinsa ya fi nawa, wannan ko a gabansa zan faɗa. Amma tukunyarsa takan ɓaci lokaci zuwa lokaci, kamar ta kowa. Shi bai iya ɓoyo ba, nan take za ka gani a fuskarsa. Ni kuwa na gwanance, bai taɓa kama ni ba. Wata rana ya zauna kusa da ni ya ce:

“Yaya, ni hannuna ba na rini ba ne. Kai ka ga tukunyarka ba ta taɓa ɓaci ba.”

Na ci gaba da aikina ban gyara masa zancen ba. Ba zan ɓoye miki ba, har daɗi na ji. Kafin damina ta faɗi ya tattara kayansa ya tafi. Ba na raina zem, da shi yake ciyar da iyalinsa, da shi yake kai ki makaranta. Amma ƙanina ya bar sana'ar ubansa yana ganin shi ne Allah bai ba hannu ba, alhali kalma ɗaya daga bakina ta isa ta zaunar da shi. Ban yi masa ƙarya ba, na dai bar shi ya gaskata abin da ba haka yake ba. Ina kewarsa a rumfar nan har gobe.

Kin ce mini ana ajiye aikin kowane rukuni don 'yan baya su ɗora a kai. To, ki duba. In kika rubuta cewa kun bi hanya kaza ja ya fito, baɗi wata yarinya za ta bi hanyar nan taki sawu da sawu, baƙi ya fito mata. Ba za ta zarge ki ba, tunda ke 'yar baduku ce kuma an ga janki a kwalba. Kanta za ta zarga. Za ta ce hannunta ba na shimi ba ne, wataƙila ta tattara littattafanta. Ba za ki san sunanta ba, ba za ki taɓa samun damar ba ta haƙuri ba. Wannan ne ya sa na ce miki a'a.

Kada ki ɗauka tsohon labari nake ba ki na abin da na bari. Shekaranjiyar nan da kike zaune a bakin rumfa kina kallon jajayen fatu, kina ganin Baba shi komai nasa daidai yake fita, akwai tukunya a bayan ƙyaure, na rufe ta da tsohuwar tabarma. Da safiyar ranar ta ɓaci. Ina jira ne ki tashi in kai ta bayan gida. Kina gaya mini naku ya yi baƙi, tawa tana nan kusa da ƙafarki, na kasa ɗaga tabarmar. Da kika tafi yau na shiga don in zubar, sai hannuna ya ƙi.

Direban da zai ba ki takardar nan zai ba ki ƙunshi a leda. Kwalba ce, na cika miki kamar yadda kika roƙa, amma daga wannan tukunyar. Ba ja ba ne, kada ki yi murna. Abin da na iya tunawa na ranar shi ne ruwan rijiya ne, kanwar sabuwa ce, kuma na bar tukunyar a rana fiye da yadda na saba don baƙi sun tsare ni da ciniki. Ki kai wa Madam, ki ajiye kusa da naku, ki gaya mata daga inda ta fito, ba sai kin sakaya sunana ba. In ta ga tana da amfani ku duba, in ba ta da shi ku zubar, amma a gaban mutane.

Sai dai kafin ki fita da ita daga gidan, ki jira Baffanki ya dawo ya ci abinci ya huta. Ki ajiye masa ita a gabansa, ki ce in ji Yayansa, daga tukunyar Yayan ce, kuma ba yau ta fara ɓaci ba.

Innarki tana gaishe ki, ta ce ki ci abinci. Ki gaishe da matar Baffanki da yara, ki gaishe da abokan aikinki. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya kiyaye hannuwanki da idanunki, ya ba ki zuciyar tsayawa a kan abin da kika gani. Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya, da ja ko babu.

Wassalam.

Mahaifinki.